Injiniya Sau-Dubu da Injin Ƙyanƙyasa

Duk wanda bai yi zamani da Injiniya Sau-Dubu ba, sai dai mu yi masa jaje. Mu 'yan layinsa kuwa Allah ya kashe ya ba mu, don kullum safiya muna ganin ilimi yana fitowa daga gida da ƙafafunsa, sanye da farar riga irin ta masu ɗakin gwaji, biro kala-kala jere a aljihu, testa ta gwada wuta maƙale a bayan kunne. Ba ya gaisuwa da baki, kai yake ɗan girgizawa, saboda bakin yana cikin lissafi. Idan ka yi sa'a ya tsaya, to ranar ka makara wurin aiki, amma ka ƙaru.

Maƙiya suna cewa wai ma'ajin sito ne a wata ma'aikata, aikinsa miƙa ƙwan fitila da soket ga wanda ya zo da takarda. Wannan hassada ce tsagwaronta. Shi da kansa ya gyara mana zancen, ya ce sunan muƙaminsa babban jami'in kula da shige da ficen makamashi. Injiniyancin kuma ba sata ya yi ba, a wurin bita ya samo shi. Wanda ya kamata ma'aikatar ta tura matarsa ce ta haihu, aka duba aka ga kujera za ta tafi a banza, aka ce ma'aji ya je ya cike gurbi. Ya tafi da safe yana ma'aji, ya dawo da rana yana Injiniya.

A wurin bitar ne malamin ya nuna musu wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafa takwas, wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Masu sana'a suna ce mata op-amp. Aikinta ta karɓi 'yar ƙaramar wuta ta fitar da ita da ƙarfi, irin abin da ke faruwa a cikin lasifika. Malamin ya rubuta lissafin a kan allo: ka haɗa mata resista biyu, wato 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, babba da ƙarami, ka raba babban da ƙaramin, abin da ka samu ka ninka shi da wutar da ta shiga, ka sa alamar debewa a gaba. Wutar da za ta fita ke nan. Ya ba da misali da resista mai ohm miliyan ɗaya da mai ohm dubu ɗaya, don da ohm ake auna su. Miliyan a raba da dubu, dubu ke nan. Wato ƙwayar za ta ninka abin da aka ba ta sau dubu.

A nan kan gwaninmu ya ɗau zafi. Bai ƙara jin komai ba.

Malamin ya ce a je a ci abinci a dawo, akwai sauran bayani mai muhimmanci. Abokan bitarsa da suka zauna har ƙarshe sun gaya mana bayanin, kuma ba shi da tsawo. Ƙwayar ba ta ƙirƙirar wuta, daga batirin da ake ciyar da ita take ɗiba. Ko lissafi ya ce dubu, ba za ta wuce abin da batirinta yake da shi ba, hasali ma takan ɗan gaza. Kamar buta take, ba ta zubo fiye da ruwan da aka zuba mata. To amma wannan karatu ne na masu ƙaramin kai. Injiniya ya hango takardun shaida a jere a kan tebur, ya zare tasa, ya ci abincinsa, ya garzaya wurin mai saka hoto a gilashi kafin ya rufe shago.

Tun daga ranar layinmu bai sake hutawa ba. Ka ce masa yaronka ba ya cin abinci, sai ya ce matsalar ninki ce. Ka ce masa ana zafi, sai ya ce da gwamnati ta san lissafi da an ninka iska. Komai sau dubu. Da haka sunan ya bi shi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa shi a ƙofar ɗakin da a da ake ajiye tsofaffin katifu, wanda yanzu ya koma Cibiyar Bincike.

Babban almajirinsa a ilimi shi ne mai askin bakin layi. Mutum ne mai zaƙin baki, wanda ya gano tun da wuri cewa kan Injiniya ba aski kawai yake so ba, har da fasawa. Yana aski yana zuga shi: “Ranka ya daɗe, irinku a ce kuna zaune a layi ɗaya da mu? Wallahi asara ce ga duniya.” Injiniya sai ya lumshe ido ya ce haƙuri ake yi, manyan masana duka haka suka rayu cikin jahilai.

Cikin jahilan da yake haƙuri da su har da matarsa. Shi yana ce mata Maman Yara, mu muna ce mata Mai Kaji. A ɗakin baya tana da injin ƙyanƙyasa, akwati mai ƙofar gilashi da 'yar jar fitila, wanda ke riƙe ƙwai cikin ɗumi har 'yan tsaki su fito. Tana da ƙaramin janareto saboda ɗauke wuta, tana kula da shi kamar jariri, don ta san idan ƙwai ya huce an gama. Tana kuma da wata tsohuwar baƙar kaza da mahaifiyarta ta ba ta, uwar kwanci ce ta gaske, ko dutse ka sa mata sai ta kwanta a kai. A wannan karon Mai Kaji ta samu ƙwan wani irin kaji da ta daɗe tana nema, kuma karon farko ke nan da ta cika farantan injin duka. Kullum sai ta haska su da tocila, ta juya su, ta duba ruwa. Ta kai ko biki aka gayyace ta ba ta daɗewa. Ƙyanƙyasa ta matso sosai, har idan ka kara kunne a gilashin kana jin 'yan tsakin suna tsuwwa daga cikin ɓawo. Ta kira matan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su ji, tana dariya kamar yarinya.

Injiniya ya daɗe yana jin kunyar janareton nan. Ya ce abin takaici ne a ji ƙarar injin fetur a gidan mutumin da ya san sirrin ninki. Sai ya shiga Cibiyar Bincike ya rufe ƙofa. Ya sayo ƙwayar, ya sayo resista biyun, ya sayo batir biyu masu volt tara-tara, irin na abin wasan yara. Ya like su da dalma a kan wani ɗan allo, ya ƙone yatsa, ya ɗaure yatsan da bandeji mai girma don a tambaye shi. Sannan ya ɗauki alli ya yi lissafi a kan allon rubutu. Injin ƙyanƙyasa yana son volt ɗari biyu da ashirin. In haka ne, sai a ba ƙwayar volt sifili da ɗigo biyu biyu, ta ninka sau dubu, ga ɗari biyu da ashirin cif. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Sai alamar debewar nan da ke gaba ta tsaya masa a rai. Ya dube ta, ya ga ba ta dace da mutum mai ci gaba ba, ya sa hannun riga ya goge ta.

Bai gwada abin ba, kuma kada wani ya ɗauka mantuwa ce. Mai aski ya taɓa tambayarsa a hankali ko za a ɗan jona a gani. Ya ce, “Gwaji na masu shakka ne. Ni na lissafa. Ka taɓa ganin an gwada biyu da biyu a ga ko za su kai huɗu?” Mai aski ya ce wallahi bai taɓa gani ba. Jin daɗin wannan amsa ne ya sa Injiniya ya yi abin da manya ke yi. Wata yamma da Mai Kaji ta leƙa gidan 'yar uwarta, ya jawo janareton daga ɗakinsa ya ba mai aski kyauta, ya ce ya je ya yi ta fama da tsohon zamani. Mai aski bai tsaya doguwar godiya ba. Kafin gari ya waye janareton ya hau mota zuwa shagon ƙaninsa a wani gari.

Kashegari da safe aka tashi da yayyafi da iska mai sanyi. Mai Kaji ta duba ƙwanta, ta ga wuta lafiya lau, ta ɗauki lema ta tafi kasuwa sayo abincin 'yan tsaki da mazubin ruwansu. Ba ta daɗe da fita ba taransifomar layin ta yi wata ƙara ta yi hayaƙi. Duk wanda ya san irin wannan ƙarar ya san ba gyaran yau ba ne, ba kuma na gobe ba. Kowa a layin ya yi tsaki, in ban da mutum ɗaya da ya fito ƙofar gida yana murmushi kamar an yi masa albishir.

Nan da nan ya aika aka ɗebo kujeru. Ya sa aka kinkimo injin ƙyanƙyasar daga ɗakinsa mai ɗumi aka dire shi a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, inda iska ke kaɗawa, don jama'a su gani da kyau. Ya jingina allon rubutu da bango. Ya ɗaura jan ƙyalle a gaban tebur don a yanka. Da ya tuna taro ba ya armashi sai da abin taɓawa, idonsa ya faɗa kan baƙar kazar nan tana kwance a kwandonta. Ya ce ai ma daidai, yau aikinta ya ƙare a tarihi. Mai aski ya yanka ta ya gasa.

Muka hallara, don a gaskiya ba mu da wuta, ba mu da abin kallo. Injiniya ya gyara farar rigarsa, ya buɗe ƙofar injin gaba ɗaya, ya zaro farantan ya jera a kan tebur don kowa ya shaida ƙwai ne na gaske, ba rufa ido ba. Muna jin tsuwwar 'yan tsakin daga inda muke zaune. Sannan ya fara jawabi.

“Jama'a, ku gode wa Allah da ya raya ku zuwa yau. Jikokinku za su tambaye ku, kuna ina ranar da aka 'yanta ɗan Adam daga kamfanin wuta? Ku ce kuna nan, a kujerar roba, kuna kallo. Ni ba na neman yabo. Ilimi nauyi ne, wanda aka ɗora wa shi ya san yadda wuyansa ke yi.”

Ya faro daga ranar da aka haife shi, wadda a cewarsa aka yi tsawa. Ya bi ta makarantar firamare, inda malamai suka tsane shi saboda yana gyara musu kuskure. Ya zagaya ta sito, inda shugabanni ke ɓoye shi don kada a ƙwace musu shi. Ya ɗauko takardar bita cikin gilashinta aka zaga da ita hannu hannu. Iska tana kaɗawa, yayyafi yana fantsamowa gefen tebur, rana ta yi tsaka ta fara karkata, shi kuwa ko allon bai kai ba.

Ana cikin haka Mai Kaji ta shigo da buhu a ka. Ta ga maza cike da tsakar gidanta. Ta ga ƙwanta a waje, a buɗe, cikin iska. Ta ga baƙaƙen gashin kaza a bakin magudana. Buhun ya sulale ya faɗi. Ta ruga ɗakin janareto, ta tarar da tabon mai a ƙasa kawai. Ta dawo ta matsa kusa da mijinta, ta rage murya saboda idon mutane.

“Baban yara, ina janareto? Don girman Allah ka mayar da ƙwan nan ciki, sanyi zai kashe su.”

Shi kuwa bai rage tasa muryar ba. Ya juyo gare mu yana dariya. “Kun ji ko? Janareto take nema! Maman Yara, kwantar da hankalinki, ki samu wuri ki zauna. Yau za ki ga ɗumin da ko uwarsu ba ta taɓa ba su ba.”

Ta miƙa hannu za ta ɗauki faranti, ya tare ta da sandar nuni, ya ce ba a taɓa kayan gwaji kafin a yanka ƙyalle. Sai ta cire mayafinta ta lulluɓe ƙwan, ta tsaya a gefe tana rawar sanyi. Mu da ke zaune kunya ta kama mu, amma ba wanda ya tashi, kowa yana cewa a ransa sha'anin miji da mata ne.

Daga ƙarshe ya iso allo. Ya rubuta miliyan, ya raba da dubu, ya sa muka amsa da baki ɗaya cewa dubu ne. Ya rubuta sifili da ɗigo biyu biyu, ya ɗora mitar auna wuta a wayar shiga ya nuna mana, kuma ba ƙarya, haka mitar ta nuna. Ya ninka. Ya rubuta ɗari biyu da ashirin da manyan lambobi, ya ja da baya yana kallonsu kamar mai kallon ɗansa na fari.

“Duk wanda ke da ciwon zuciya ya matsa baya,” in ji shi. “Wutar da za ta fito daga nan ba ta san wasa ba.”

Wasu suka ja kujerunsu. Mai aski ya yanka ƙyalle da almakashin aski. Injiniya ya sa safar hannu ta roba, ya mayar da farantan ciki, ya jona injin da ɗan allonsa, ya kawar da fuska, ya danna maɓalli.

'Yar jar fitilar ba ta ko ƙyafta ba.

Ya sake dannawa. Ya hura wa ɗan allon nasa iska. Ya ce injin ne bai saba da wuta mai tsabta ba, an lalata shi da ta janareto. Ya cire injin, ya ce bari mita ta yi magana, tunda ita ba ta da hassada. Kuma don kada a ce an yi maguɗi, ya ɗaga ta sama ya karanta da kansa, da ƙarfi, kafin idonsa ya gaya wa kansa abin da yake gani.

“Debe bakwai da ɗigo shida.”

Alamar debewar da ya goge da hannun riga ta biyo shi har gaban jama'a, ta zauna daram a fuskar mita. Ƙwayar ta yi iya ƙoƙarinta, ta miƙo abin da batirinta ya ba ta, ta tsaya.

Ƙaramin mutum da a nan zai sunkuyar da kai. Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne. Ya sauya wayoyin mitar, jar ta koma wurin baƙa, baƙar ta koma wurin ja. Alamar debewa ta ɓace.

“Kun gani? Daga debe bakwai zuwa bakwai! Ƙarin volt goma sha biyar da 'yan kai cikin ƙiftawar ido. A haka a haka za mu kai.”

Mai aski ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannun aljihu. Injiniya ya ciro babban resistan ya sa mai ohm miliyan goma, ya sanar da mu cewa yanzu ninkin ya koma sau dubu goma, kowa ya yi ta kansa. Mita ta ce bakwai da ɗigo shida. Ya ƙara wutar shiga. Mita ta ce bakwai da ɗigo shida. Zufa ta keto masa cikin wannan sanyi. Ya ce ƙwayar jabu ce. Ya ce mitar ma jabu ce. Ya ce akwai mai mugun ido a cikin taron, kuma ya san shi. Da ya juya neman mai aski ya tambaye shi ko janareton yana kusa, sai ya tarar da kujera da ƙasusuwan kaza a faranti.

Mai Kaji ta nufo wurin mijinta. Ta ture shi gefe da kafaɗa, a gaban kowa, ta rungumi faranti ta yi ciki. Sai a lokacin muka tuna muna da hannaye. Matan layi suka shigo da barguna, aka dafa ruwa aka ɗura a gorunan roba aka jera kewaye da ƙwan, wani ya tafi neman aron janareto a layin gaba, inda su ma kowa ta kansa yake yi. Ta durƙusa ta kara kunnenta a kan bargon. Ta ɗaga ta koma wani gefen. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kai kunne, ta ajiye, ta ɗauki wani. Da kazar mahaifiyarta tana nan, da ko kaɗan ne an tura mata a ƙarƙashi. Ba a sake jin tsuwwa ba, ranar ko kashegari. Wallahi abin ya ba mu tausayi, har waɗanda suka zo don dariya suka fita ba su yi ba.

Kada ku ɗauka Injiniya ya karaya. Bayan kwana biyu ya fito da farar rigarsa, ya shaida mana cewa a fannin lissafi gwajin ya yi nasara ɗari bisa ɗari, kayan aiki ne suka kasa kamo tunaninsa. Yaran layi dai sun riga sun sauya masa suna, yana wucewa suna cewa ga Debe Bakwai nan. Ya ce haka aka yi wa duk manyan masana.

Da yammar ranar yana zaune a Cibiyar Bincike, ƙofa a buɗe, yana bayyana wa wasu maƙwabta biyu da suka kasa tserewa yadda zai ninka wutar layin gaba ɗaya, sai ga Mai Kaji. Ta shigo da farantan ƙwan, waɗanda suka fara wari, ta jera masa su a kan tebur, a kan takardar bitar mai gilashi. Ta ɗauki alli ta sa masa a hannu.

“Baban yara, kai da ka iya lissafi. Ɗan tsako nawa na samu?”

Ya yi gyaran murya. Ya ce, to, a halin da ake ciki, babu.

“To ninka mini shi sau dubu.”

Ta tsaya tana jira, maƙwabtan ma suna jira. Injiniya ya juya ga allo, ya rubuta sifili, ya sa alamar ninkawa, ya rubuta dubu. Sannan ya rubuta amsar ƙarama a can ƙasa, bai ja mata layi ba.

Mu dai shaida ne, kuma ba za mu tauye wa bawan Allah haƙƙinsa ba. Tun da ya zama Injiniya, wannan ne lissafinsa na farko da abin da ke kan allo ya yi daidai da abin da ke kan tebur.